Fasinjar da Ba Ta Amsawa

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Duk maganar da mutane ke zubarwa da baki, ni a hannu take taruwar mini, in na samu takarda ba na iya tsayawa.

Ni ba na magana. Ba kurma ba ce, ina ji ras, har gulmata da ake yi a gabana ina ji, tunda mutane sun ɗauka wanda ba ya magana ba ya ji. Ciwon maƙogwaro na yi ina ƙarama, aka yi mini aiki, rai ya tsira, murya ta tafi. In na buɗe baki iska ce kawai ke fita. Guga nake yi a wani shagon wanki da guga, ina da ɗakina na haya, ba na roƙon kowa komai. Na faɗi wannan ne don kada ki ɓata tausayinki a inda ba nan ciwon yake ba.

Maganar babana ce. Direban bas ne, a kan sitiyari ya tsufa. Mamanmu ta rasu, mu biyu ta bari, ni da Yaya. Baba yana wurin Yaya, a ɗakin baya, bayan shagon waldar da Yaya ke yi a ƙofar gida. Idanun Baba daga tsakiya suka fara mutuwa. In ya kalle ki fuskarki ce ke ɓacewa, sai gefe-gefe yake gani dishi-dishi. Ana cikin wannan sai ya fara ganin mutane a ɗakinsa da rana tsaka. Ya ce a jere suke zama, biyu-biyu, kowa da jakarsa a cinya, suna kallon gaba. Akwai mata masu manyan huluna, akwai yara da kayan makaranta iri ɗaya, akwai wani ɗan gajere da ba ya rabuwa da kaza a hammata. Ba sa cewa uffan. Shi da kansa ya raɗa musu suna fasinja.

Hankalinmu ya tashi, mun ɗauka taɓin hankali ne. Muka kai shi asibitin ido. Likitar ta ce hankalinsa garau yake, abin daga rashin ganin ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. Ta koya masa dabara, ta ce duk wanda ya gani yana shakka, ya yi masa magana, fasinja ba ya amsawa. Ta ƙara da cewa in har wata rana suka fara yi masa magana ko taɓa shi, a dawo da shi, don wannan wata cutar ce daban. Baba ya riƙe maganar nan kamar dokar hanya. Duk wanda ya shiga ɗakinsa sai ya tambaye shi ina za a sauka. Jikokinsa su ce tasha ta gaba, a yi dariya. Har abin ya zama wasan gida.

Ina cikin ofishin lokacin da likitar ke wannan bayani, Anti. Ba wanda ya waiwayo ya kalle ni, ni ma kuma ban kawo komai a raina ba. Ni da Baba muna da maganarmu ta hannu, shi ya ƙirƙiro mana ita tun ina zama kusa da shi a gaban mota. Amma yanzu ba ya ganin yatsu. Don haka in na shiga ya tambaya, Yaya ne ke cewa Auta ce, sai Baba ya washe baki ya matsa mini a bakin gado.

Ranar hutuna nake zuwa, sau ɗaya a mako. Wata rana na shiga da kular abinci da rigunansa da na goge, Baba ya ɗago ya tambayi ina za a sauka. Na juya na kalli Yaya. Yana jingine da ƙofa yana goge hannu da tsumma. Ya kalle ni ido cikin ido, ya ce wa Baba ba kowa, fasinja ce. Matarsa ta sheƙe da dariya daga kicin. Baba ya ce ikon Allah, wannan kuwa sak Auta. Yaya ya ce ai kewarta ce ke damunsa. Na tsaya ina murmushi kamar sakarya, ina jiran ya ce wasa yake yi. Yau watanni ke nan bai ce ba.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na tafa hannu, Yaya ya ce ƙarfe ne ya faɗi a shago. Na rubuta a waya na sa ta karanta da ƙarfi, sai muryar wata baƙuwar mace ta fito tana karya harshe. Baba ya toshe kunnuwa yana salati, ya ce sun fara magana, tasa ta ƙare. Yaya ya ce rediyon maƙwabta ne. Ranar ko ruwan shayi Baba bai sha ba. Sai na ce to bari in kama hannunsa, ai ya san hannuna. Wayyo Anti, da na sani! Ya zabura ya yi wani ihu da ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba, har fitsari ya kufce masa, yana roƙon kada a kai shi gidan mahaukata. Yaya ya ture ni, ya ɗora nasa hannun daidai inda nawa ya tashi, ya ce shi ne ya taɓa shi. Da ya raka ni ƙofa ya ce mini a hankali, in sake in gani, Baba mai hawan jini ne, in ya faɗi ni na kashe shi.

A bakin Baba na ji labarin da aka ba shi. Wai na samu aiki a wani gari na tafi, wai na ce na gaji da jinyar makaho. Abincin da nake kawowa matar Yaya ake yi wa godiya. Rigar da na tsaya na goge da hannuna, Baba ya shafa wuyanta ya ce lallai matar gidan nan ta iya guga, ta ma fi waccan butulun. Ina zaune a kujerar roba a gabansa, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba.

Kin san ya saba hira da fasinjansa. To ni ma yanzu hira yake yi da ni, irin wadda mutum ke yi in ya tabbata ba mai jin sa. Wata rana ya ɗaga sanda ya ce in sauka, ba ya ɗaukar marasa mutunci a motarsa. Ya ce ƙuruciyarsa kaf a kan bebiya ta ƙare, daga wannan asibiti zuwa wancan, da ita a kafaɗa. Ya ce sau nawa aka ba shi doguwar hanya, irin wadda direbobi ke rububi, ya ƙi don kada ya kwana nesa da ita. Ya ce baƙin cikin ba mai aurena ne ya kashe mamanmu. Ya ce da ya san haka za ta saka masa, da ranar da aka yi mata aikin nan ya bar ta a gadon asibiti ya kama gabansa. Duk wannan Yaya na tsaye a ƙofa yana saurare, fuskarsa kamar ta wanda ya sha ruwan sanyi. Ni kuwa ko kukan nawa ba shi da sauti, balle ya tona ni.

Amma wallahi ranakun zagin sun fi mini sauƙi. Akwai ranar da zai daki katifa a gefensa ya ce wa fasinjar ta dawo gaba, kusa da direba, ko da ba Auta ba ce. In tashi in zauna? In katifar ta lotsa zai ji, ya sake firgita. Haka nake ƙamewa a kujerata har ya gaji ya juya wa bango fuska.

Na rubuta wa Yaya a takarda na tambaye shi me na yi masa. Ya karanta ya yi dariya, sai kuma fuskarsa ta canza. Ya ce shi ke zubar da fo, shi ke yi wa Baba wanka, shi ke barin aiki a wuta ya ruga in an kira, amma da Baba ya buɗe baki sai ya tambaya ko Auta ta zo. Ya ce tun muna yara kujerar gaba tawa ce, shi kuwa daga makaranta sai rataya a ƙofar bas yana kiran fasinja, ko sannu bai taɓa samu ba. Ya ce ni in zo sau ɗaya a mako ina ƙamshin sabulu in kwashe albarka in tafi. Ya ce in ɗanɗana in ji, zai faɗa masa ranar da ya ga dama. Ba zan yi masa ƙarya ba, wahalar da ya lissafa gaskiya ce. Amma Anti, wannan hukuncin ya yi daidai da laifin?

Ban faɗa wa kowa ba. Muna da Gwaggo, ƙanwar Baba, tana nesa, kuma ta wayar Yaya take gaisawa da shi. Maƙwabta ba sa wuce shago. Kuma wa zai yarda? Yaya bakinsa zuma, ni kuwa da ma rabin mutum ake ɗauka ta, in na fara nuni da hannu sai a yi ta gyaɗa kai ana kallon wani wuri. Bayan haka ina tsoro. In Baba ya gane ni ce, zai san duk abin da ya faɗa a kunnena ya faɗa. Zai kuma san hannun da ke ba shi abinci shi ya yi masa wannan. Ina zai koma? Ɗakina guda ne, a saman bene, banɗakinmu na haɗaka.

Zuciyata tana ce mini in daina zuwa, ƙaryar ta zama gaskiya kowa ya huta. Makon jiya ban je ba. Sai ga matar Yaya ta biyo ta shagonmu karɓar riguna, tana dariya har da riƙe ciki, wai Baba ya ƙi cin abincin rana, ya ce ba zai tayar da mota ba, akwai fasinja guda da ba ta iso ba. Na ƙona rigar mutane ranar.

Anti, in tona ko in bari? In ci gaba da zama fasinja, ko in sauka kamar yadda ya ce? Abin da ke hana ni sukuni shi ne kada Baba ya mutu yana ganin na gudu na bar shi.

Taki,
Auta mai guga

*

Auta, ƙanwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Abin da yayanki ke yi zalunci ne. Ke ya nufa, amma mahaifinku ya fi cutuwa. Dattijon da idonsa ke nuna masa abin da babu, hanya guda aka ba shi ta rarrabe gaskiya da ƙarya, ɗansa kuma ya karɓe ta ya mai da ita abin wasa.

Na tuntuɓi wani likitan ƙwaƙwalwa kan fasinjan nan, ga abin da na fahimta. Gani ba aikin ido kaɗai ba ne. Ido yana ɗauko haske ne ya aika can wajen ƙeya, inda sassan ƙwaƙwalwa da dama ke aiki tare su haɗa hoto: wani ya fi kula da launi, wani da fuskoki, wani da wurare. Abin da mutum ya saba gani yana taimakawa wajen cike giɓi, wasu sassan kuma suna tantance abin da ya fito. In ido ya rage aike, sassan nan ba sa naɗe hannu, sai su riƙa tashi da kansu suna fito da hotuna. Kunnen Baba kuwa lafiyarsa lau, saƙonsa na isa, shi ya sa fasinjansa ba su da murya. Mai irin wannan lalura galibi ya san abin da yake gani ba gaske ba ne, kuma ba hauka ba ce. Ban ga mahaifinki ba, likitarsa ce mai magana ta ƙarshe, amma bayanin ya yi daidai da abin da ta faɗa muku.

Kin ga ke nan dabarar da ta ba shi ba ta da laifi, sai dai an tsara ta ne don gidan da kowa ke da murya. Mantuwa aka yi da ke, kuma mantuwar tana gyaruwa. Fasinja ba shi da murya, amma ba shi da jiki ma. Abin da ya firgita Baba ranar nan shi ne hannu ya cafke shi ba zato, bayan an ce masa ba kowa. In shi da kansa ya miƙa hannu ya laluba ya samu mutum, wannan hujja ce da ba mai iya ƙaryata masa ita. Sai dai ba ke za ki koya masa wannan ba, kuma ba a ɗakin da yayanki ke tsare ƙofa ba.

Kina buƙatar shaida mai murya, muryar da Baba ya sani ya yarda da ita. Ki rubuta wa Gwaggo duk abin da kika rubuto mini, in ta kama ki je takanas ki same ta. Ki daina cewa ba mai yarda da ke. Wadda ta rubuto wasiƙar nan ba rabin mutum ba ce, kuma ni da ban taɓa ganinki ba na yarda. Ki kuma kai wa likitar idon bayani a rubuce kafin ranar komawarsa asibiti, ki roƙe ta a yi abin a gabanta. Ita za ta duba maganar hawan jinin, ita za ta fara kwantar masa da hankali cewa ba abin da ya ƙaru a ciwonsa, muryar waya ce ya ji, hannun mutum ne ya taɓa shi. Kada ki manta, tun ranar nan yana zaune da tsoron ya fara haukacewa. Ko don wannan kaɗai bai halatta ki yi shiru ba.

Yanzu ɓangaren yayanki. Jinya tana cin mutum, tana iya fito da mugun halin da shi kansa bai san yana da shi ba, balle an haɗa da tsohon ciwon yaron da ya girma a ƙofar mota yana kallon ƙanwarsa a gaba. Wannan ba uzuri ba ne, amma gaskiya ce, kuma akwai rabonki a gyaranta. Kular abinci da gogaggun riguna sau ɗaya a mako ba su kai nauyin fo da wanka ba. Ki karɓi wani abu mai nauyi: wankin shimfiɗa, kai shi asibiti, wuni guda cur da yayanki zai fita ya sha iska ba mai kiran sa. Ki rubuta masa wannan, ki kuma sanar da shi cewa Gwaggo da likita sun sani, yana da dama ya faɗa wa Baba da bakinsa kafin ranar asibiti. Sanarwa ce, ba neman izini ba. Ba na so ki kunyata shi a gaban unguwa, don gobe ma shi zai ɗaga Baba daga gado. Tunda Gwaggo ta shigo maganar, ita za ta sa ido kan yadda ake riƙon dattijon daga nan. Matarsa kuwa ki bar ta da dariyarta, ranar ita ma za ta nemi inda za ta sa fuska.

Maganganun da Baba ya faɗa, ba zan ce miki duk ƙarya ba ne. Wanda ya yi shekaru da yaro marar lafiya a kafaɗa ya gaji, kuma akwai ranakun da zuciya ke raya masa abin da ba ya faɗuwa. Amma ki duba wa yake zagi. 'Yar da aka ce masa ta kira shi makaho ta tafi, ita yake zagi, kuma wannan 'yar babu ita. Zai ji kunya in ya gane, kunya mai tsanani. Kada ki jira ya ba ki haƙuri, kada kuma ki nuna kamar ba ki ji ba. Ku da kuka taɓa ƙirƙiro magana da yatsu, ba za ku kasa ƙirƙiro wata a tafin hannu ba.

Batun daina zuwa, ki cire shi daga ranki. In kika daina, kin sa hannu a ƙaryar da aka yi miki, kuma Baba ne zai biya, ba yayanki ba. Ki je, ki zauna a kujerarki, ki daure na ɗan lokacin da ya rage. Kada ki ja abin ya wuce ranar asibiti mai zuwa, shekarun Baba ba na jira ba ne.

Ranar da ya miƙo hannu ya same ki, zai tambaya ina kika shiga duk watannin nan. Kada ki wahalar da kanki neman yadda za ki ba shi amsa. Ki riƙe hannunsa kawai, ki bar yayanki ya amsa, shi ke da baki.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya shiryi yayanki tun mahaifinku na da ran da zai yafe masa.

Antinku